Mai Gayyar Kanal

Withington, Manchester
Nuwamba, 2011

Zuwa ga Yaya Kubura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Ya sanyin Erdington, ya kuma ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Maganar da ke cina ba ta faɗuwa a waya, don bangon gidan nan kamar kwali yake, kuma Baban Nuru kullum yana ɗaki. Kin san tun da council, hukumar garin nan, ta rage ma'aikata aka sallame shi tare da sauran injiniyoyi. Abin da ba ki sani ba shi ne maigidan nawa ya daina magana, ya daina ci. Mutumin da ba ya barin girkina ya wuce bai tsokane ni ba, yau sai in ajiye masa tuwo in dawo in tarar ya sandare. Wandunansa duk sun yi masa yawa. Ran Juma'a ana sallame salla yake sulalewa daga masallaci, kada wani ya tambaye shi ya aiki.

GP, likitar unguwarmu, ta ba shi magani, ta ce ya riƙa fita yana taka ƙafa. Yaya, tsoro nake ji kada in rasa shi alhali yana zaune a gabana. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Rabi'a

Maris, 2012

Yaya Kubura,

Sallama da gaisuwa. Ya gida, ya karatun su Turai? Na ga saƙon daddawa, Allah ya bar zumunci.

Akwai labari. Kwanakin nan Baban Nuru yakan dawo da taɓo har gwiwa, ni kuwa da gulmata sai da na bi shi ran Asabar. Ashe wajen yawon nasa ya ci karo da masu gyaran kanal, irin hanyar ruwan nan da Turawa suka haƙa tun zamanin da don jiragen dakon gawayi da auduga. Wani tsohon reshe ne da ya cushe da shara, ƙofar katakon da ke tare ruwan ta ruɓe.

Yaya, da kin ga mutanen nan! Yawancinsu tsofaffi ne, ga ruwan sama, ga sanyi mai shiga ƙashi, amma suna cikin laka suna jawo tayoyi da kekunan tura kaya na kanti. Shugabarsu Clara, tsohuwar nas ce da ta girme wa Inna, ita ke sassaƙe ciyawa daga bango tana jera bulo ɗaya bayan ɗaya kamar mai yi wa jika kitso. Ba mai biyan su, ba mai gode musu. Wallahi sun burge ni. A can na ji muryar mijina yana gardama a kan yadda za a ɗaga ƙofar, har da nuni da hannu.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Da rana ta yi, kowa ya ja gefe ya zaro ɗan burodinsa, ba ko bismilla. Na tambayi Clara ina mai gayyar, wanda ake yi wa aikin. Ta yi dariya ta ce babu shi, hukuma ba ta da halin gyarawa, ruwan na duk wanda ya bi ta nan ne. Ke kin taɓa jin gayyar da ba a ɗora tukunya ba? Shi kuwa Baban Nuru ko burodin bai taɓa ba, shayi kawai ya kurɓa.

Taki,
Rabi'a

Yuni, 2012

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina gaida Alhaji. Da fatan ƙafar ta saki.

Na kasa haƙuri. Ranar da za a gwada sabuwar ƙofar, na je Cheetham Hill na yi cefane, na cika babbar kula da dafa-duka, ni da Nuru muka yi ta jan ta a bas mutane suna kallonmu.

Mun tarar an buɗe wa ruwan hanya. Ya shigo a hankali, ya hau bangon da suka jera, ƙofar ta riƙe ko ɗigo babu. Clara ta cire hula tana share ido da bayan hannu.

Da na buɗe kula sai suka yi cirko-cirko, wani dattijo yana tambaya ko bikin haihuwar wani ake yi. Na rasa Turancin da zan yi bayani. Sai ga Baban Nuru ya hau kan bokiti, ya shiga ba su labarin gayya a ƙauyensu, yadda ake jeruwa da fartanya, makaɗi na bin baya, mai gona na ciyar da kowa. Ya ƙare da cewa tunda mai ciyarwa shi ne mai gona, daga yau kanal ɗin ya zama na matarsa, kowa ya nemi izinina kafin ya wuce. Suka yi ta tafi, ni kuwa kamar in nutse.

Yaji ya sa su hawaye, amma sai da suka kankare kular. Ni idona na kan mutum ɗaya. Ya zauna a bakin ruwa da laka a goshi, ya cinye, ya miƙo faranti na ƙara masa. Sannan ya dube ni ya ce gishiri bai ji ba.

Yaya, na juya baya na yi kuka har sai da Clara ta riƙe ni.

Aiki dai har yanzu bai samu ba, muna ta addu'a. Amma ki ba mu aron babbar tukunyarki ta suna, Alhaji ya taho mana da ita, don Asabar mai zuwa ma'aikatana za su ƙaru.

Ƙanwarki mai kanal,
Rabi'a