Ni Na Hana A Zaɓi Ɗan Yayana, Su Kuma Suna Ta Yi Mini Godiya

Anti Beryl, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana. Mutanen da nake hira da su duk abokan aiki ne, a wurinsu kuwa ban yi laifin komai ba. Na sauya sunaye, ko da yake duk wanda ya fito daga yankinmu zai gane.

Shekarata hamsin da takwas. Ashirin da biyu daga ciki na yi su ina zaƙulo wa wani kulob ɗin ƙwallo na nan Melbourne yaran da zai ɗauka a zaɓen ƙarshen shekara, inda kulob-kulob ke zaɓar matasan 'yan wasa bi da bi. Lokacin da na kama aiki mu ne kurar baya, kuma amfanin hakan ɗaya ne, na ƙarshe a tebur shi ke fara zaɓe. Muka yi ta kwaso gwanaye, muka ci gaba da shan kashi, don kowane gwani so yake a ce shi ne. Sai aka kawo koci mai taurin kai ya kafa mana doka: hali kafin gwaninta. Manyan 'yan wasa su ke share ɗakin canja kaya. Duk Litinin a zauna a da'ira, kowa ya gaya wa ɗan'uwansa gaskiya ido da ido. Da farko dariya aka yi mana, amma kofi uku muka ɗauka cikin shekara tara.

Nawa aikin shi ne in gano hali kafin a ɓata zaɓe. Ranar Asabar ina can wani filin ƙauye, zaune a kan motata da abincin da na saya a hanya, mutane na danna odar motocinsu duk aka ci ƙwallo, ni kuwa ina rubutu. Ba mai zama kusa da ni sai uban da ke son in duba ɗansa. Daga baya in je gidan yaro a ci abinci tare, in lura da yadda yake amsa wa uwarsa, da wanda yake ɗora wa laifi idan an cinye su. Matata Maureen ta tafi shekara tara da suka wuce. Ta ce ta gaji da zama da mutumin da ko shayi ta zuba masa sai ta ji kamar yana ba ta maki. Ba mu haihu ba. Kin ga na fara kauce hanya, ki yi haƙuri, na daɗe ban samu mai saurarona ba.

Abin da ya rage mini a duniya shi ne yayana Merv, manomin alkama a yankinmu na Mallee, da matarsa Noelene, da ɗansu Tate. Ni na saya wa Tate ƙwallonsa na farko. Garinmu ya shekara talatin bai fitar da yaro kamarsa ba, kuma kowa ya riga ya yanke cewa kulob ɗin baffansa zai je.

Bara na je gida hutun Ista. Ranar an cinye su Tate da ƙyar, duk da ƙwallo shida da ya ci shi kaɗai. Muna zaune kan gasasshen naman rago ya fara zagin abokan wasansa ɗaya bayan ɗaya, wannan jaki ne, wancan makaho ne. Noelene ta ce masa a hankali ai su ma sun yi ƙoƙari. Ya ture faranti ya ce mata, "Ke me kika sani a ƙwallo?" ya fice. Merv ya yi dariya ya ce zuciyar maza ke nan. Ni ma na yi murmushi. Amma a hanyar komawa, da na tsaya shan mai, na ciro littafina na rubuta layi biyu: gwani ne, amma ba ya ganin kowa a fili sai kansa, ba namu ba ne. Ba wanda ya aike ni, Anti. Hannuna ne ya saba.

Layin nan biyu suka shiga rahotona. Ranar zaɓe a watan Nuwamba duk gari ya taru a zauren ƙwallo gaban talabijin, mata sun toya kek. Zaɓe uku gare mu, duka ukun muka tsallake shi. Abin da ban hango ba shi ne sauran kulob-kulob suna kallonmu. Aka kira suna sama da sittin babu Tate. Daga baya wani mai irin aikina ya dafa kafaɗata ya ce, idan baffan yaro ya wuce shi har sau uku, shi wane ne da zai tsaya.

Washegari Merv ya kira ni. Na riga na shirya shan zagi, har ina ɗokinsa. Sai ya ce, "Auta, kada ka sa wa ranka damuwa. Mun san ka yi iya yinka, waɗancan manyanku masu kwat ɗin ne ba sa jin magana." Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ji kaina ina cewa na gode.

Tun daga ranar ban taka garinmu ba. Da Kirsimeti na ce aiki ya riƙe ni, na ci abincina ni kaɗai gaban talabijin. Noelene ta aiko mini da kek ta gidan waya, da 'yar takarda wai kada in bari su kashe ni da aiki. Merv ya cire tutar kulob ɗinmu daga motarsa don taya ni fushi. Da sun tsane ni da na fi samun sauƙi. Kaɗaici ya ishe ni, kuma ni na jawo wa kaina.

Kada ki ɗauka na zo neman a wanke ni ko a rataye ni. Har gobe ban ce abin da na rubuta ƙarya ne ba, kuma wani lokaci haushin Merv nake ji, da ya yi dariya inda ya kamata ya tsawata. Na hana yaran mutane da yawa saboda abin da bai kai wannan ba. In na ɗauke kai don jinina ne, da wane ido zan dubi iyayensu?

Tate bai bar ƙwallo ba. Yana aiki a rumbun alkama, yana buga wa wata ƙungiya ta ƙasa da mu, kuma an ce ya yi sanyi. Sati uku da suka wuce ya bar mini saƙo a waya: "Baffa, ba alfarma na kira nema ba. Kai kaɗai ka san abin da suka faɗa a kaina. Ka gaya mini in gyara, komai zafinsa." Ban amsa ba. Saura sati shida a sake zaɓe, kuma maigidana a wurin aiki ya sake ajiye takardun Tate a teburina. In na faɗa, ina tsoron in rasa su ukun. In na yi shiru, ga yadda nake. Yaya zan yi?

Mai Duba 'Ya'yan Mutane, Melbourne

*

Malam Mai Duba,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na tausaya maka. Bari in fara da inda kake da gaskiya. Ba ka yi wa yaron ƙazafi ba, kuma kulob ɗinka ya dogara da idonka ne domin ba ya son kai. Mutumin da ya ƙi yi wa jininsa alfarma ba abin zargi ba ne.

Amma ka yi wa Tate abin da ba ka taɓa yi wa ɗan kowa ba. Sauran yaran sun san ranar zuwanka, an share gida, an ja musu kunne. Shi kaɗai ka gani da gumin wasa a jikinsa, cikin ɓacin rai, a gaban mutumin da ya ɗauka baffansa ne kawai. Da ka ga na kowa a irin wannan sa'a, ban san ko nawa za su tsira ba. Tun farko ya kamata ka ce ɗan yayana ne, a ba wani ya duba shi. Kuma ran nan a tebur kana da bakin da za ka bi shi waje ka ce masa ya koma ya ba uwarsa haƙuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kai ka yi masa murmushi, ka tafi ka rubuta.

Ga abin da za ka yi, kuma a wannan makon. Ka mayar wa maigidanka takardun, ka gaya masa dalili, ka roƙi a tura wanda bai san yaron ba. Ka sanar da abokan aikinka na sauran kulob-kulob cewa hukuncin bara na rana ɗaya ne a teburin iyali, su je su gani da idonsu. Ba tallarsa za ka yi ba, gyara ɓarna ce.

Sannan ka hau mota. Wannan ba maganar waya ba ce, zumunta a ƙafa take. Ka fara da Merv da Noelene tun kafin su ji a bakin wani, domin maganar da ta kai kunnen masu irin aikinka ba za ta daɗe ba ta kai Mallee. Ka ce ni na rubuta, kuma na bar ku kuna yi mini godiya. Kada ka haɗa da laifin tarbiyyar Merv, ba ranar ba ce. Daga nan ka zauna da Tate ka gaya masa layin nan biyu yadda suke. Yaron da ya kira yana neman a faɗa masa aibinsa ya riga ya yi abin da kuke tara ƙarti duk Litinin kuna koya musu.

Ba zan ruɗe ka ba. Merv na iya nuna maka ƙofa, fushinsa kuma na iya kai shekara. Amma mutumin da suke ƙauna yanzu, wanda ya tsaya wa Tate aka fi ƙarfinsa, ba kai ba ne, shi ya sa ka kasa zama a cikinsu. Gara su yi fushi da kai na gaskiya, domin shi kaɗai ake iya yafe wa.

Allah ya kai ka lafiya, ya sanyaya zuciyar yayanka, ya ba Tate rabonsa a duk inda yake.

Anti Beryl