Kifin da Ya Kai Cinyar Alhaji

Daren Lahadi, Abbey Wood

Har yanzu cikina ciwo yake don dariya. Yau surukinmu Sadiƙu ya kai mu bakin kogi, can inda ruwan teku ke shigowa. Ya nuna wa maigidana Alhaji kifin roba mai ƙugiya, ya ce, "Baba, wannan ba a barinsa a zaune. Ka jefa, ka jawo a hankali, ka ɗan tsaya kamar ya ji ciwo. A tsayawar nan babban kifi ke cafka."

Maigidan nawa ya ce shi jikan masuntan Yauri ne, yaro ba zai koya masa ba. Ya jefa, ya zauna yana jan carbi kamar tana ya sa a ƙugiyar. Ruwa ya janye, roba ta maƙale a laka, ya shiga cirowa.

Wajen cin abinci, gaban iyayen Sadiƙu, na gwada darasin. A hankali na ce, "Alhaji, kamar wani ƙato ya kuɓuce maka ko?" Sai na yi shiru.

Ya kuwa cafka. "Wallahi ya kai cinyata!"

Na ce, "Laka ce ta kai cinyarka, ga wandon can a bokiti."

Ya tashi ya bar tuwonsa. Na cinye naman.