Muryar Mama a Firiza, Kusa da Naman Barewa

Calumet, Michigan
Watan Disamba

Zuwa ga Yaya Annika,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Darrell da yara, da aikin asibiti, da duhun nan naku na Alaska. Allah ya ƙara lafiya, ya sauƙaƙa miki tsayuwar da ke kumbura miki ƙafa. Mu ma muna nan. Dusar ƙanƙara ta kai tagar kicin, Gwaggo Lorna ta daina tari, karenmu Sisu ya tsufa har sai an ɗaga shi ya hau baranda. Da biro na rubuto, don in na kira ki ihu zan yi, ke kuma ki kashe wayar ki ce har yanzu ban yi hankali ba.

Kin san kwamfutar da ke ɗakin ɗinkin Mama, wadda duk bidiyonta ke ciki, har da wanda take murza ƙullin burodin nama tana waƙa tana zagin murhu. Tun farkon kaka faifan ajiyarta ya fara wani ƙas-ƙas. Na je laburare na karanta abin da na samu, duk bakinsu ɗaya: faifai in ya fara wannan ƙara, sallama yake yi. Na kwashe 'yan hotuna a ɗan filashina na ajiya, ya cika, bidiyo ko ɗaya bai shiga ba. Ni kuwa kamfanin yankan katako ya sallame mu tun Satumba, aljihuna iska. Sai na je wurin Kawu Reino, tunda gidan a hannunsa yake tun rasuwar Mama.

Na yi masa bayani dalla-dalla. Faifai iri biyu ne. Akwai mai juyi irin na da, ga araha ga yalwar wurin ajiya, amma jan ƙafa gare shi, kuma allura ce ke yawo a kansa. Akwai sabon iri da babu abin da ke motsi a cikinsa, yana da sauri, yana da tsada. Na ce a sayi mai saurin. Ya kalle ni ta saman tabarau, wai “Farfesa, saurin zuwa ina? Hotunan gudu za su yi?” Gwaggo ta yi dariya har kofi ya sarƙe ta. Na haɗiye, na ce to na ji, a sayi mai arahar, amma yau. Wai shi tun da aka haife shi bai taɓa sayen abu mai wayar lantarki ba sai ranar Juma'ar da ke bin bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba, ranar da shaguna ke karya farashi, kuma ba zai fara ba saboda yaron da ya bar makaranta ya koma cin littafi.

Faifan bai jira Juma'arsa ba, Yaya. A makon bikin ya mutu. Ko a nan da sauran fata, domin akwai masu buɗe irinsa a ɗaki mai tsabta su ceto abin da ke ciki, muddin ba a ƙara taɓa shi ba. Na cire shi, na naɗe, na ce kowa ya bar shi. Na fita share wa maƙwabta ƙanƙara. Ina dawowa na tarar Kawu ya sa shi a leda ya cusa a firiza, tsakanin cinyar barewa da kifin bara. Wai tsofaffin da suke shan kofi tare a gidan mai ne suka ce haka ake yi, kuma kyauta ne. Na roƙe shi kada ya jona shi. Washegari ina waje ya ciro shi yana raɓa, ya jona. Gwaggo ta ce ƙarar kamar an ja cokali a kan faranti. Da Kawu ya ga idona, da kansa ya aika wa masu gyaran. Amsarsu layi ɗaya: allura ta kankare fuskar faifan, babu abin da ya saura.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ranar Juma'ar ya tafi ya bi layi cikin sanyi, ya dawo da mai saurin, mai tsadar nan, an rage masa kuɗi. Ya ajiye a gabana, wai “Ga abinka, Farfesa, ka ga amfanin jira?” Na saka. Kafin ki ja kujera kwamfutar ta buɗe. Ban taɓa ganin sauri irin wannan ba, kuma babu kowa a ciki. Karta Kawu yake bugawa a kanta yanzu.

Roƙona ɗaya ne. Tsohuwar wayarki mai fasasshen gilashi, akwai saƙon murya da Mama ta bar miki tana faɗa don kin fita ba hula. Darrell ya ce zai ba da ita a canzo miki sabuwa da Kirsimeti. Kada ki yarda. Kada ki goge komai, kada ki jira wani ragi. Ki kwafe shi yau, ki turo mini. Duk duniya muryarta da ta rage ke nan, kuma faɗa take yi.

Ki gaishe da Darrell, da Maija, da ƙaramin Tobin. Gwaggo na gaishe ki. Kawu ma ya ce a gaishe ki, na dai isar.

Ƙaninki,
Eero