Dada Ta Ƙirga 'Ya'yanta Ban Da Ni

Hajiya Saudatu, don Allah ki taimaka mini da shawara, domin abin da ke cina a rai idan na faɗe shi a garinmu dariya za a yi mini. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan fili. Ki yi haƙuri idan na yi ta zagaye-zagaye, hannuna ya fi sabawa da sifana a kan biro.

Ni mutumin wajen Ɗansoshiya ne, a ƙaramar hukumar Kiru. Shekaruna talatin da 'yan kai. Shan inna ya kama ni tun ina ƙarami, ƙafafuna biyu suka shanye, da keken guragu nake zirga-zirga. Ban faɗa miki wannan don ki ji tausayina ba, wallahi ni ne ma nake jin tausayin wasu masu ƙafa. Bakanike ne ni, gyaran injin ban ruwa nake yi. Idan rani ya kama, rumfata ba wurin ajiye ƙafa. Masu noman tumatir da albasa daga Bebeji da Tudun Wada suna kawo mini, har masu haƙar ma'adini daga Riruwai sukan ɗoro injinsu a kan babur su zo. Magidanta biyu ne suke aiki a ƙarƙashina. Tun da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, daga rumfar nan ake cefanen gidanmu. Na gode wa Allah, na kuma gode wa Malam Uba da ya koya mini wannan sana'a lokacin da wasu ke ba ni shawarar in tafi birni in zauna a bakin titi.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, wadda muke kira Dada. Bafulatana ce, kuma kin san yadda suke da kunyar ɗan fari. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan za ta yi maganata da ƙannena sai ta ce yayanku. Idan baƙo ya tambaye ta ni, sai ta kau da kai ta shiga gyaran murhu. Da haka na tashi, ban taɓa ɗaukarsa komai ba, har tsokanarta nake yi.

To, kwanakin baya masu ƙidaya suka zo yankinmu. Ba ƙidayar ƙasa baki ɗaya ba ce, wasu gidaje aka zaɓa, namu ya faɗo a ciki. Wata yarinya ce mai suna Muhsina ta shiga gidanmu, da babbar waya a hannunta wadda take shigar da amsoshi. Ni ina rumfa. Ban san ma an yi ba, sai bayan azahar na ga wata baƙuwa, ashe ita ce Muhsinar, ta tsaya a kaina ina kwance fulogi, takalminta duk ƙasa. Ta gaishe ni da girmamawa, ta faɗi aikinta, ta ce a zauren gidanmu ta ga an fasa dokin ƙofa an yi gangare da siminti, ga kuma sawun taya a kai, amma a cikin mutanen da aka lissafa mata ba ta ga mai hawa keke ba. Shi ne ta tambayi maƙwabta, suka kwatanta mata inda nake. Daga gidanmu zuwa rumfa akwai 'yar tafiya, a ƙafa ta tako cikin ranar nan.

Hajiya, na sha ganin mutanen gwamnati da na ƙungiyoyi. Duk wanda ya zo, tambayarsa ɗaya ce, me nake buƙata. Wani ma ba ni yake tambaya ba, wanda ke tsaye kusa da ni yake tambaya, kamar kunnuwana ne suka shanye. Wannan baiwar Allah kuwa ta samu benci ta zauna daidai da ni, ta tambaye ni aikin da nake yi, ko na yi aiki a makon da ya wuce, ko ni ke da wurin, mutum nawa nake biya. Sai daga baya ta zo kan maganar tafiya da abin da ke ba ni wahala. Ta yi mini bayani cewa da waɗannan alƙaluma ake sanin yawan marasa aikin yi a yanki, da yawan masu nakasa da ke sana'a, da kuma shekarun da mata ke fara haihuwa. Ta ce ba rabon kaya ba ne, kada in sa rai da komai. Na ce ai ta riga ta ba ni. Ranar na koma gida ina tuƙa kekena kamar sabon ango. Na so in haɗa ta da kwandon tumatir, ta ƙi karɓa, ta ce aikinta bai yarda ba.

Da yamma muna tsakar gida sai ƙanwata Fa'iza, wadda bakinta ba ya riƙe magana, ta fara ba da labarin yadda aka yi da safe tana ta dariya. Wai da aka ce Dada ta lissafa mutanen gida, sai ta fara daga ƙanena Isa ta gangara ƙasa. Isa ya gama karatun malanta yana zaune bai samu aiki ba, saboda haka gidanmu ya fito gidan da ba mai nema ko ɗaya, kamar iska muke haɗiya. Da aka tambaye ta shekarunta lokacin haihuwar fari, sai ta ba da na haihuwar Isa, alhali ni ta haife ni tana da kamar sha shida, ta kuma sha wuya sosai kamar yadda na ji a bakin manya. Duk wannan ni ma na yi dariya, na san halin kayana. Amma sai Fa'iza ta ƙara da cewa da aka tambaya ko akwai mai nakasa a gidan, Dada ba shiru ta yi ba, buɗe baki ta yi ta ce babu.

Nan dariyata ta tsaya. Shiru na saba da shi, amma ban saba da wannan kalmar ba. Na yi ta tunani, ko dai ba kunyar ɗan fari kaɗai ba ce, ko duk shekarun nan kunyar ƙafafuna take ji ban sani ba? Baƙuwa ta tako rana ta nemo ni don kada a bar ni a baya, amma wadda ta haife ni ta ce babu ni.

Kada ki ɗauka butulu ne ni. Ban manta ba, lokacin da ciwon ya same ni ina hannun kakata ne kamar yadda al'ada take, Dada ce ta je da kanta ta ɗauko ni, mata suna ta gulmarta wai ba ta da kunya. Ita ce take goya ni zuwa firamare har na yi mata nauyi. Sai ta sauke ni a bayan katanga ta juya da sauri don kada a gan ta, in ƙarasa da rarrafe. A da ina tuna wannan da farin ciki. Yanzu kuwa shaiɗan yana raya mini cewa ba don kunyar al'ada take ɓuya ba.

Tun daga ranar na daina cin abincin gida. Ina ce musu aiki ya yi yawa, a wurin mai shinkafa da wake nake ci. Gaisuwa ma daga bakin ƙofa nake yi in wuce. Dada kuwa kullum sai ta zuba nawa ta rufe, da safe a sauke shi yadda yake. Yau kusan wata guda ke nan. Jiya Fa'iza ta same ni, wannan karon ba dariya, ta ce Dada ma ba ta cin abin kirki, har zaninta ya fara yi mata yawa.

Hajiya, in tare ta in tambaye ta abin da take nufi, ko in haɗiye? Ina tsoron tambayar, ina kuma tsoron amsar. Sannan ta wace hanya zan gode wa Muhsina tun da ba ta karɓar kyauta? Ki taimake ni kafin in yi abin da zan yi da-na-sani.

Naki,
Bakanike daga Ɗansoshiya

Amsa

Ƙanena bakanike, na karanta wasiƙarka da murmushi, sai da na zo ƙarshe raina ya ɗan ɓaci, kuma da kai ya ɓaci. Amma bari in fara da abin da kake da gaskiya a kai.

Ciwon da ka ji ba shagwaɓa ba ce. Mutumin da ya yi shekaru ana tsallake shi ana tambayar na kusa da shi, dole kalma irin wannan ta soke shi. Kuma amsar Dada ba ƙaramar ɓarna ta so yi ba. Dubi abin da kunya ɗaya ta kusa jawowa: an ɓatar da mai sana'a, an ɓatar da mai nakasa da ke ciyar da gida har yana biyan wasu, an kuma ɓatar da haihuwar da aka yi da ƙuruciya. Idan iyaye mata da yawa daga Kiru zuwa Doguwa suka yi haka, wanda ke zaune a ofis zai duba ya ga yankin da masu nakasa ba sa aiki, mata kuma ba sa haihuwa da wuri. Sai ya tsara abin da bai dace da ku ba, kuma ba laifinsa ba ne, abin da aka faɗa masa ke nan. Al'adar nan tana da kyawunta, amma a wurin ƙidaya tana da tsada.

To, yanzu ɓangaren Dada. Ni ma 'yar fari ce. Mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ranar aurena ma gidan maƙwabta ta gudu ta wuni. Saboda haka na san wannan ɗakin ciki da waje. Ka sa kanka a matsayinta. Ta riga ta tsallake ka a lissafi a gaban baƙuwa da gaban ƙanwarka. Da ta ce akwai mai nakasa, tambaya ta gaba ita ce wane ne, sunansa, shekarunsa, yaya yake a wurinta. Ƙofar da ta rufe tun farko ce ta ƙara dannewa. Ban shiga zuciyarta ba, ba zan rantse maka ba. Amma macen da ke ƙyamar ƙafafun ɗanta ba ta zuwa ta ƙwato shi daga hannun kaka ana zaginta, ta goya shi har bayanta ya gaji. Kai da kanka ka rubuto mini wannan hujjar, sannan kake tambayata.

Kada ka tare ta. Idan ka tambaye ta, ka nemi ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife ka, wato ta dube ka ta yi maganarka da kai. Ba za ta iya ba, za ta yi shiru, kai kuma ka fassara shirun yadda shaiɗan ya so. Idan lallai sai ta san abin ya taɓa ka, ka samu wata babba a danginta wadda suke wasa, ta faɗa mata cikin raha. Ko da yake ina ganin ta riga ta sani, shi ya sa zaninta ke yi mata yawa.

Maganar Muhsina kuwa, ta yi daidai da ta ƙi tumatir, kada ka matsa mata. Ka yi mata addu'a. Idan kana da hanyar isar da saƙo ga shugabanninta, ka shaida musu cewa ma'aikaciyarsu ta yi aiki da ido da kuma mutunci, irin wannan shaida tana amfanar ƙaramin ma'aikaci fiye da kwando goma. Sannan ka je wurin mai unguwarku ka ba shi labarin, ba tare da kiran sunan Dada ba. Ka roƙe shi, duk lokacin da masu ƙidaya suka sake zuwa, a gaya musu su riƙa tambayar wani a gida game da ɗan fari, kada su ɗora wa uwa. Ka ga an tsare lissafi, an kuma tsare mata kunyarta. Ita Fa'iza kuma ka ja mata kunne kaɗan, ba kowane labari ake bayarwa a tsakar gida ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba ya jiran gobe. Matar nan ba ta da bakin da za ta ce maka tana sonka, hanya ɗaya aka bar mata, kai kuma wata guda kana mayar mata da ita a rufe. Ranar da ka karanta wannan amsa, kada ka biya wurin mai shinkafa da wake. Ka rufe rumfa da wuri, ka shiga gida da yunwarka, ka zauna inda za ta hango ka daga madafa, ka cinye, ka ce a ƙaro. Wataƙila ma ta juya maka baya, amma ina tabbatar maka ranar ita ma za ta ci.

Allah ya ƙara wa hannunka albarka, ya ba Isa aikin yi, ya saka wa Muhsina da alheri, ya kuma bar maka Dada da lafiya shekaru masu yawa.

Hajiya Saudatu