Baiti Tara na Matan Salaga

Tottenham, 4 ga Fabrairu, 1991

Fasto Maje,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Shafukan gwaji na sashen Hausa a sabon littafin waƙoƙinmu na Presbyterian sun iso. Waƙoƙi goma sha biyu da na fassara suna nan daidai. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne lamba 214, waƙar rakiyar gawa ta matan Salaga. Baiti tara na ba kwamitinku, huɗu na gani. A ƙasa kuma an rubuta: kalmomi da murya, S. Mailafiya.

Ba ni na yi waƙar nan ba, kai ma ka sani, tun kana goye a bayan uwarka kake jin ta. Anatu, shugabar zumuntar mata, na zaunar Asabar uku a ɗakina, tana rerawa tana buga tulu, ni ina rubuta do-re-mi. Iyakar aikina ke nan. Al'adar matan can gida ita ce, wadda aka yi wa rashi, in ta share makoki sai ta ƙara baitinta, kuma ba a rera shi sai mai jan waƙa ta kira sunanta. Baiti tara, mata tara. Na bakwai na marigayiya Katumi ne, matata, shekarar da muka binne ɗanmu Zuberu.

Ku mayar da biyar ɗin, ku sa sunan kowace a gefen nata, ku cire nawa.

Tsohon malaminka,
Sumani Mailafiya

Edmonton, 12 ga Fabrairu

Baba Malam,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai. Yaya ƙafar?

Na kai maganarka gaban kwamiti. Ƙa'idarsu ita ce kowace waƙa sai da sa hannun mai ita, ko na magajinsa, don kada wani ya kai ikkilisiya ƙara daga baya. Shida daga cikin matan nan sun rasu. Mai ɗab'i kuma ya ce littafin ya cika maƙil, Turanci da Twi da Ga da Ewe duk kowa na kukan wuri, kuma shafi sha shida-sha shida yake bugawa, ba ya ƙara guda ɗaya. Shugaban kwamiti ya ce ba wanda zai tsaya cikin sanyin maƙabarta ya rera baiti tara.

Ni na ba da shawarar a sa sunanka, Baba, don waƙar ta samu shiga. Kuma na ga ka cancanta. Ka daɗe kana aiki ba a ambace ka ba.

Ɗanka cikin Almasihu,
Maje

Tottenham, 15 ga Fabrairu

Maje,

Na gaishe ka. Ƙafa na nan yadda take.

Tun da ka taɓo zancen, bari in ƙarasa maka. A 1958 ina hedimasta, na yi shekara biyu ina juya wa wani Baturen mishan waƙoƙi sittin zuwa Hausa. Shi ko cinikin tumatir ba ya iya yi da Hausar. Da littafin ya fito sunansa ne a kan kowace, ni kuma aka gode wa "mataimaka 'yan ƙasa" a layi ɗaya. Na zo ƙasar nan karatun kiɗa, na ci jarrabawarsu, ba cocin da ya ba ni ogan in buga. Shekara ashirin ina kwandasta a bas mai lamba 73, ina yaga wa mutane tikiti.

Yanzu kana so in yi wa matan nan abin da aka yi mini, ka kira shi lada. Ni na koya maka karatu, amma ban tuna na koya maka wannan ba.

Ka gaya wa shugabanka cewa matan Salaga sun tsaya cikin rana tsaka sun rera tara ɗin, da gawa a kan mazajensu, ba wadda ta faɗi. Ba zan sa hannu ba.

Mailafiya

Tottenham, 3 ga Maris

Malam,

Sannu da gida. 'Yata Ajara ce ke rubutawa, ni Anatu nake faɗa, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

Fasto ya gaya mana za a cire waƙarmu gaba ɗaya saboda kai. Malam, taurin kan nan naka Katumi ta sha fama da shi, yanzu mu ka bar wa. Ba ka zo jana'izar Issahaku ɗan garinmu ba saboda ƙafa, to ni na je. Mu huɗu muka rera. Yaranmu sun fi talatin a tsaye, hannu cikin aljihu, ba wanda ya san amshi. Jikata ta tambaye ni da Turanci wai kukan me muke yi da murya.

In waƙar nan ba ta shiga littafi ba, ranar da aka binne ni an binne ta. Baitina ma yana cikin waɗanda aka yanke, ban mutu ba. Sa sunanka. Huɗu sun fi babu. Mu mun san masu ita, Allah ma ya sani.

Na aiko maka da dawadawa a hannun Ajara. Ka ci abinci.

Anatu

Tottenham, 6 ga Maris

Anatu,

Na gode da dawadawa, na gaishe ki da yara.

Wasiƙarki ta fi ta Maje yi mini zafi, don ke gaskiya kika faɗa. Amma jikar taki, in ta buɗe littafin nan bayan shekara talatin, za ta ce wani tsoho ne ya zauna a gidan hayar gwamnati ya tsara waƙa. Ba za ta san kakarta ta tsaya a bakin kabarin mijinta ta ƙara baiti ba, balle ta san ita ma tana da ikon ƙara nata. Wannan ba waƙarku ba ce aka ajiye mata.

Sa hannu suke so, za su samu. Aiko mini da sunan duk wani ɗa ko jika na matan nan shida da kika sani, da inda yake.

Mailafiya

Tottenham, 20 ga Mayu

Maje,

Bayan gaisuwa. Ga takardu tara cikin ambulan nan.

Uku masu rai ne suka dangwala yatsa, Anatu a nan, biyu a Salaga a gaban katikis, malamin cocinsu. Na Katumi ni na sa hannu, ni ne magajinta. Huɗu 'ya'yansu ne suka sa, ta gidan waya, daga Tamale da Kumasi. Na ƙarshe, na Memunatu mai baitin farko, jikanta na samo a Abbey Wood, Abdul-Mumuni, Musulmi ne, mai sayar da nama. Jirgin ƙasa biyu na hau da sandata. Da na rera masa baitin kakarsa sai ya ajiye wuƙa, ya ce shi take rera musu in suna ƙiriniya a hana su kuka. Ya sa hannu, ya ce in littafin ya fito a sayar masa da guda.

Ƙa'idarku ta cika. Saura wuri. In kwamiti ya ce har yanzu babu, to ku maido mini da sha biyuna duka, ku buga sashen Hausa da abin da ya rage, in akwai. Ka karanta musu wannan yadda na rubuta, kada ka sa masa zuma.

Mailafiya

Edmonton, 2 ga Yuni

Baba Malam,

Salama a gare ka. Na karanta musu kamar yadda ka ce. An yi awa biyu ana gardama, dattijuwar sashen Ewe ta ce su ma suna da irin waƙoƙin nan, ba wanda ya taɓa tambayarsu. An kaɗa ƙuri'a, biyar da huɗu.

Baiti tara za su shiga, da sunayen. Amma sai waƙa ɗaya cikin naka ta ba su shafinta, kuma shugaba ya ce kada ka sa rai da aikin bugu na gaba. Wacce za a cire? Mai ɗab'i na jira ranar Alhamis.

Ɗanka,
Maje

Tottenham, 3 ga Yuni

Maje,

Na gaishe ka. Cire ta Ista, ita ta fi tsawo, ita kuma na fi so, don kada wani ya ce na ba da ragowa.

Kada ka gode wa kwamiti da sunana. Alhamis ka zo ka ɗauke ni da motarka, da idona zan ga shafin kafin a buga.

Mailafiya