Littafin Malam Julius a Teburin Ƙosai

Tudun Wada, Minna
5 ga Fabrairu, 1968

Zuwa ga Malama Helen,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kina lafiya, ke da Mary da mutanen gida. Ni ce Rahmatu 'yar Malam Yisa tela, wadda take zama a bencin baya a ajinki. Wataƙila ba za ki tuna muryata ba, don ban cika magana ba.

Na gama makaranta. Yanzu ina taya Inna sayar da ƙosai a bakin tashar jirgi. Ita ke suya, ni ke naɗewa.

Malama, kin tuna littafin da maigidanki Malam Julius ya rubuta a kan yaran layin dogo, wanda kike karanta mana ranar Juma'a? Bayan kin bar makaranta wani babba ya zo dubawa. Ya ga hoton bango, rana tana fitowa a bayan jirgi. Ya ce wannan tambarin 'yan tawaye ne, kuma ga shi mutumin Gabas ne ya rubuta. Hedimasta ya ce an buga shi tun kafin yaƙi, amma bai saurara ba. Aka tattara duka arba'in ɗin, aka ba Baba Ndako masinja ya ƙone.

Kin san Baba Ndako ba ya karatun boko. Ya dai ji ana ta faɗa a kan rana. Sai ya ɓalle bangwayen ya ƙone su ƙurmus. Cikin kuwa ya ce takarda ce mai kyau, ba ta yi wa kowa laifi ba. Ya cire ƙarfen ɗinkin, ya raba wa masu suya na tasha. Inna ma ta samu nata.

Shekaranjiya ina naɗe ƙosai sai idona ya faɗa kan sunan Tsado, yaron cikin littafin. Na tsaya cak, har mai sayen ya ce, "Yarinya, ƙosan za ki ba ni ko jarida za ki karanta mini?"

Ƙanwarki Magdalene mai kawo doya ta ce lokacin da aka fasa gidanku ba ki fita da komai ba. Idan kina so, zan tara takardun har littafin ya cika, in aiko miki. Idan kuma na yi shisshigi, ki yafe mini.

Na gaishe ki ƙwarai.
Ɗalibarki, Rahmatu

Bakin rafin Tagwai
11 ga Fabrairu, 1968

'Yata Rahmatu,

Na gaishe ki da sunan Ubangiji, ki gaida mini Inna da Malam Yisa. Yaya zan manta da ke? Idan na yi tambaya sai ki rubuta amsar a hannunki, ki nuna wa ta kusa da ke ta faɗa. Duk ina gani, na yi shiru ne kawai.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Na yi dariya a kan Baba Ndako, sai kuma na ga dariyar ta koma wani abu.

Wata goma sha shida ke nan tun da na raka Julius tasha ya tafi Gabas. Cikina ya tsufa a lokacin, shi ya sa ban bi shi ba. Har yau ban ji labarinsa ba. Mary ta fara tafiya, ba ta taɓa ganin babanta ba, kuma ba ni da hoto ko rubutun hannunsa da zan nuna mata. To kin ga amsar tambayarki. Ina so.

Littafin shafi talatin da biyu ne, wato falle takwas, kowane falle yana ɗauke da shafi huɗu. Ki duba lambobin ƙasa. Fallen tsakiya, daga shafi na sha biyar zuwa na sha takwas, shi na fi so. A nan ya rubuta ranar da muka haɗu, ya canza sunaye kawai. Ban taɓa karanta muku wurin a aji ba, tsallakewa nake yi don kunya.

Amma ki yi a hankali. Abin da aka hana an hana, kada ki jawo wa babanki magana.

Taki,
Malama Helen

Tudun Wada, Minna
26 ga Fabrairu, 1968

Zuwa ga Malama Helen,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu falle bakwai. Huɗu daga wajen Inna, sauran daga mai wainar da ke kusa da mu. Biyu sun sha mai. Na barbaɗa musu toka na goge da dutsen gugar Baba, sun yi dama-dama, sai dai ƙamshin ƙosai ya ƙi fita.

Baba ya kama ni ina gugar. Ya ɗauki falle ɗaya ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Na Julius akawu ne? Ni na ɗinka masa kwat ɗin aurensa." Da safe na tarar da allura babba da zare mai kauri a kan tabarmata.

Malama, da kin ga tasha yanzu. Littafin da aka hana, kowa yana karanta shi a tsaye yana tauna. Ndaman mai dako kullum sai ya ce, "Rahmatu, ban da shafin jiya, na gaba za ki naɗe mini." Abdulsalami mai shagon yadi ya gane littafin. Ya ce, "Ba wannan ne aka hana ba? Ƙanena yana bakin daga, ni kuma ina nan ina karanta rubutunsu!" Ya jefa takardar ƙosansa a wutar Inna. Aka ƙyale shi, don kowa ya san ƙanen nasa. Jiya kuma ya dawo, ya sassauta murya ya ce, "Wai akuyar nan ta cikin littafin da ta shiga taragu, an same ta kuwa?" Inna ta ce, "Ai kai ka ƙona ta."

Ga abin da ya dame ni. Fallen tsakiya babu. Na je wajen Baba Ndako, ya ce idan ka buɗe littafi ka cire ƙarfe na tsakiya ne ke fara fita, shi ya sa ya tara su wuri ɗaya, kuma Kudu mai tsire ya kwashe tarin gaba ɗaya. Kudu ya ce ya gama naɗe tsire da su tun makon jiya. Na duba kwata da bayan shaguna, ban samu ko yanki ba.

Ki yi haƙuri, ban daina nema ba.

Ɗalibarki, Rahmatu

Bakin rafin Tagwai
3 ga Maris, 1968

'Yata Rahmatu,

Sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya sāka miki. Magdalene ta ce tasha ta cika da soja, ta kuma gan ki kina tonon bola da kara. Ki bari haka nan. Ki ɗinke bakwai ɗin ki aiko. Abin da ke tsakiyar ina wurin aka yi shi, zan ba Mary labari da bakina, ko da yake ban iya faɗarsa yadda shi ya faɗa ba.

Ki gode wa babanki. Kwat ɗin ta yi masa yawa a kafaɗa, amma bai taɓa yarda a rage ba.

Taki,
Malama Helen

Tudun Wada, Minna
15 ga Maris, 1968

Zuwa ga Malama Helen,

Gaisuwa da ban girma. Ki yafe mini, ban bi maganarki ba.

Ranar Litinin Kudu ya kira ni ya ce akwai wani Kofur Ladan cikin sojojin da ke gadin tasha. Ya taɓa sayen tsire, ya cinye, ya miƙar da takardar ya sa a cikin hularsa. Kudu ya ce, "Ki yi sauri, ranar Alhamis za a kwashe su zuwa kudu."

Sau uku ina zuwa kusa da shi ina dawowa. Dogo ne, yana da tabo a haɓa, ga bindiga. Ranar Alhamis jirginsu yana tsaye yana shan ruwa, ni kuma ina ta ɓata naɗi. Sai Inna ta ajiye matsami ta ɗaga murya, "Kofur! 'Yata na son magana da kai, amma tun Litinin bakinta ya ƙi buɗewa!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya zo ya ce, "To, ƙanwata, me ya faru?"

Na ce, "Takardar cikin hularka."

Ya ciro ta. Malama, ita ce, sha biyar zuwa sha takwas. Ya ce karatunsa bai yi ƙarfi ba, kwana goma yana bin ta da yatsa. Ya kai inda yarinya mai gasasshiyar masara take bin jirgi da gudu, bai san abin da ya biyo ba. Ya ce, "Ni ma a tasha na samu matata. Wa ya rubuta?"

Da na iya ƙarya da na yi. Na ce Malam Julius ne, akawun reluwe, a nan Minna aka haife shi, yanzu yana Gabas. Na ce matarsa malamata ce, kuma 'yarsa ba ta taɓa ganinsa ba.

Wani soja a bayansa ya ce, "Kofur, yar da ita, na 'yan tawaye ne. An hana."

Kofur ya miƙo mini ya ce, "Karanta mu ji tawayen."

Ban taɓa karatu a gaban mutane ba, kin sani. Layin farko ko ni ban ji kaina ba. Ndaman ya ce, "Ɗaga murya, ba addu'a ba ce." Na ɗaga. Na karanta yadda akawun ya leƙo ta taga ya ce a ba shi masara, jirgi ya tashi kafin ta gama zaɓar masa mai kyau, ta bi jirgin ta jefa masa, masarar ta buge shi a goshi. Sojoji suka fashe da dariya, har wanda ya ce a yar. Da na kai inda ya sauka a tashar gaba ya dawo da ƙafa don ya ce mata ya gode, babu mai dariya. Abdulsalami yana tsaye a ƙofar shagonsa, bai matso ba, bai kuma shiga ciki ba.

Na gama, Kofur ya karɓi takardarsa ya ce, "Ina son in tafi da ita. Inda za mu babu irin wannan."

Na ce, "Bari in kwafe maka." Na yago takarda daga tsohon littafin lissafina, na durƙusa a kan bencin Inna ina rubutu da manyan baƙaƙe yadda zai iya bi. Na gama shafi uku, ina tsakiyar na huɗu jirgi ya yi kuka. Aka fara kiran suna. Na ce masa saura kaɗan.

Ya dubi takardar littafin, ya dubi tawa. Ya ɗauki tawa da ba ta cika ba ya ninke ya sa a hula, ya ajiye ta littafin a gabana. Ya ce, "Sauran na ji da kunnena. Ki gaida malamarki. Ki ce mata Ladan bai san mijinta ba, amma zai riƙa duba goshin mutane." Ya hau da gudu.

Na ɗinke littafin da zaren Baba, shi kuma ya yi masa bango da ragowar yadin kaki, babu hoto. Ga shi nan a ƙasan kwandon Magdalene. Fallen tsakiya yana da tabon yaji a shafi na sha shida, amma duk kalmomin suna fita.

Malama, ashe ke ce mai masara.

Ɗalibarki, Rahmatu

Bakin rafin Tagwai
18 ga Maris, 1968

'Yata Rahmatu,

Ina gaisuwa. Littafi ya iso, shafi talatin da biyu cif. Ni ce mai masara, kuma ban yi niyyar goshinsa ba.

Na zaunar da Mary a cinyata na karanta mata har shafi na sha huɗu. Da na juya na sha biyar muryata ta ƙi fita. Na gwada jiya, na gwada yau.

Na rubuta wa babanki na roƙe shi ya bar ki ki biyo Magdalene ranar Asabar. Ki zo ki karanta mana tsakiyar. Mu biyu ne kawai, kuma ɗayarmu ba ta iya magana ba tukuna.

Sai kin zo.
Malama Helen