Wayar Auta a Ɗakin Jarirai

Litinin, 3 ga Maris

Yau na yi wa ɗalibaina na jinya darasin da na daɗe ina ɗokinsa. Kafin mu shiga ɗakin jarirai na ce kowa ya fito da wayarsa. Muka shafe su da tsinken auduga, gaba da baya, muka goga a farantan gwaji, muka miƙa wa mutanen lab, wato ɗakin gwaje-gwaje. Sai dariya suke. Dogo ya ce, "Malama, tawa ko budurwata ba ta taɓawa, balle ƙwayar cuta." Na ce to, mu zuba ido. Hannu dai muna wanke shi har ya yi fari, waya kuwa daga banɗaki sai bakin gadon mara lafiya, babu mai tambayarta daga ina take.

Laraba, 5 ga Maris

Farantai sun fito. Subhanallahi! Wani kamar an barbaɗa masa gari. Dogo ya riƙe wayarsa da yatsu biyu kamar mushen ɓera, aji ya fashe da dariya. Na ji daɗi ƙwarai, sun gani da idonsu.

Auta ce kawai ba ta yi dariya ba. Ita ce ƙaramarsu, kuma ta fi kowa tsabta, amma farantinta ya fi na kowa cika.

Alhamis, 6 ga Maris

Wani bakwaini da ke cikin kwalbar jarirai ta kusurwa ya yi laushi, cikinsa ya kumbura. Likita ya ce cuta ta shiga jininsa.

Auta ta same ni a ɗakin canja kaya. Ashe uwar yaron tana ɗakin sama tun da aka yi mata tiyata, ba ta iya tashi, ba ta taɓa ɗora ido a kansa ba. Auta ce ke ɗaukar shi a bidiyo ta kai mata. Matar ta rungume wayar, ta sumbaci gilashin, ta naɗa masa muryarta. Sai Auta ta sauko, ta zura wayar ta tagar kwalba, kusa da kunnensa.

"Malama, na wanke hannuna fa. Wallahi har gwiwar hannu."

Na sani, 'yata. Na sani. Na riƙe kafaɗarta.

Juma'a, 7 ga Maris

Babbar Sista ta ce a cire Auta daga ɗakin, a kai maganarta makaranta. In aka kai, sai dai ta maimaita shekara, ko ma a sallame ta. Na ce, "Sista, yarinyar nan da ƙafarta ta zo ta faɗa. In muka kore ta, gobe wa zai ƙara buɗe baki?" Ta ce, "Malama, ke 'ya'yanki kike gani, ni nawa suna cikin kwalba." Gaskiyarta.

Mai gwajin lab ya ce irin ƙwayar ɗaya ce a jinin yaron da wayar Auta, amma ya same ta a kan famfo ma, da wasu wayoyin. Ba zai rantse daga ina ta zo ba.

Sista ta kafa dokar hana shiga da waya, wannan kam na goyi bayanta. Da hannuna na manna ta a ƙofa.

Lahadi, 9 ga Maris

Yaron yana nan yadda yake. Auta ba ta ɗaga kirana.

Talata, 11 ga Maris

Na hau sama duba wasu ɗalibai, sai na ji an ce, "Malama, don Allah." Uwar yaron ce. Ƙarama ce ashe, ba za ta girmi Auta da yawa ba.

"Ina ƙanwata mai waya? Ko na yi mata laifi ne?"

Na yi mata bayanin ƙwayoyin cuta, dalla-dalla, kamar ina aji. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Ya buɗe ido kuwa? A na ƙarshen da na gani yana barci." Na ce yana buɗewa. Ta ce, "To, madalla," ta juya fuskarta bango.

Bayanina babu kuskure ko ɗaya a ciki. Ban san me ya sa na kasa cin abinci ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Alhamdu lillahi, ciki ya saɓe, yaro ya fara karɓar nono ta roba. Auta ta dawo, da gargaɗi mai zafi kawai. Ta rame.

Na naci wa Sista har ta gaji ta ba ni tsohuwar wayar ofishinta, bisa sharaɗi: ba ta fita daga ɗakin, a goge ta da sifirit, a sa ta a sabuwar leda, kuma daga wajen gilashi, ba ciki ba. Ba ra'ayi na canja ba, doka tana nan a ƙofa. Tsari ne kawai.

Auta ta yi kiran bidiyo zuwa wayar yayar uwar yaron, wadda ke jinyarta a sama. Na ce ta kawo in nuna mata yadda ake riƙewa, minti ɗaya.

Sai ga muryar uwar daga wayar: "Malama, ɗan sauko da ita kaɗan. Yauwa. Kai, ji hancin babansa!"

Minti ɗaya ya wuce tuni, hannuna har ya sage. Auta ta ce, "Malama, in karɓe ki?" Na yi kamar ban ji ba.